ƘAZANTAR GARI TA ISA TA WANKE KANTA

(Wannan shi ne jawabin da magatakardan jam'iyyarmu na reshen Gaya ya yi a gaban taron 'yan kasuwa da sauran membobi na Gaya da Ajingi. Mun buga shi duka kamar yadda ya faɗa, domin wanda bai sami zuwa ba ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.)

 Ina gode wa mutanen Ajingi da suka bar rumfunansu suka yi tattaki har nan, Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Maganar da aka ɗora mini yau ba ta da daɗin ji, sai ku gafarce ni. Magana ce ta salga da masai da kwatami. Na san waɗansu za su ce yaron nan ya rasa abin faɗa a gaban manya sai zancen bayan gida. To, amma a daminar 1 ga shekarun nan da ba za mu manta ba, watau 2021, cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A unguwarmu na taya maƙwabcina ɗaukar 'yarsa zuwa asibiti da magariba, kafin asuba mun dawo da ita a naɗe. Da muka duba daga baya, tsakanin rijiyar gidan da salga bai fi taku takwas ba, alhali masana tsafta sun ce a bar mita 30, watau kamar taku arba'in. Tun daga ranar na daina jin kunyar wannan magana.

Ku dubi halin da muke ciki. Mu nan Gaya da Ajingi ba mu da bututun najasa a ƙarƙashin ƙasa. Kowane gida da salgarsa. In ta cika, a kira masu kwasa su zo da dare, su kai bayan gari ko kududdufi su zubar. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi kwata ya kwanta a bakin hanya, sauro ya yi gida. Birnin Kano ma kansa, da girmansa duka, yawancin ruwan ƙazantarsa rafin Jakara yake bi har ya faɗa dam ɗin Wasai, masu lambu kuwa suna ɗiba a hanya suna ba latas da alayyafo. Na masana'antun Sharaɗa da Challawa kuma ya gangara kogin Challawa, wanda shi ne yake haɗuwa da kogin Kano ya biyo ta Wudil, nan kusa da mu.

Ba shakka wata rana, musamman in zaɓe ya ƙarato, wani zai zo da babbar riga ya ce zai gina mana matatar ruwan ƙazanta irin ta zamani. Ina so kafin wannan rana ta zo mu shirya tambayar da za mu yi masa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar kuwa guda ce: wa zai ciyar da ita? Kowa a nan ya san rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da tafi, bayan wata shida janareta ya tsaya don babu kuɗin mai, yanzu awaki ke kwana a gindin tankin. Matatar najasa ta fi rijiyar burtsatse ci nesa ba kusa ba, ranar da ta tsaya kuwa ƙishirwa ce mafi sauƙin abin da zai biyo baya, domin ƙazantar gari duka an riga an tara ta wuri ɗaya.

Bari in bayyana muku yadda irin wannan matata take aiki, don ku ga inda wutar take tafiya. A 1914 waɗansu masana biyu, Ardern da Lockett, a birnin Manchester na Ingila, suka gano cewa in aka yi ta hura iska cikin ruwan ƙazanta, akwai ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani, su ne za su yi ta hayayyafa suna cinye daɗin da ke cikin ruwan, har ya kwanta ya yi garau. Na taɓa ganin irin waɗannan ƙwayoyi da idona ta madubin likita sa'ad da nake makaranta, ɗigon ruwan kwata guda ya cika da su kamar kasuwa ranar cinta. Yawancin manyan matatun duniya har yanzu da wannan dabara suke aiki.

Mu mutanen Gaya ba sai an yi mana dogon bayani a kan hura iska ba. Tarihi ya ce maƙeran da suka fara zama a gindin Dala daga nan suka tashi neman tama, shi ya sa ake kiransu Abagayawa. Kowane maƙeri ya san in mai zuga ya gaji, wuta ta mutu. To, matatar zamani tana da zugazuganta na ƙarfe, masu hura iska dare da rana ba hutu, kuma su kaɗai sukan sha rabin wutar lantarkin matatar ko fiye. In suka tsaya kwana kaɗan, ƙwayoyin nan su shaƙe su mutu, ruwa ya fita da warinsa kamar yadda ya shigo. Akwai irin wannan matata a Wupa ta Abuja, wadda aka buɗe a 2007, kuma duk sa'ad da wuta ta ɗauke sai an tayar da janareta. Abuja ke nan, inda baitulmali yake. Ku kuma kun san abin da ya sami kuɗin mai tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023, kun san yadda kuɗin wuta ya yi tsalle a Afrilun 2024. Ina ƙaramar hukumar da za ta ɗauki wannan kaya shekara da shekaru?

Yanzu ga abin mamaki. Ita wannan ƙazanta da ake kashe wuta don a wanke ta, akwai makamashi a cikinta. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tsohon kududdufi da bazara ya ga kumfa na tasowa daga ƙasa, ya ga abin da nake nufi. Duk abin da ya ruɓe a inda iska ba ta shiga, yakan fitar da iskar gas, kashi 60 cikin 100 nata kuwa mai kamawa da wuta ne, harshenta shuɗi kamar na gas ɗin girki da ake sayarwa a tukunya. A 2004 masu bincike a Toronto ta Kanada suka auna ruwan ƙazantar wata matata, suka tarar ƙarfin da ke cikinsa ya ninka wutar da ake kashewa wajen tace shi kamar sau tara. Ba dukansa ake iya kamawa ba, amma abin da ake kamawa ya isa.

Ba kuwa sabuwar dabara ba ce. Tun ƙarni na 19 asibitin kutare na Matunga a Bombay ta Indiya ya yi ta tara gas daga najasarsa, kuma wajen 1895 birnin Exeter na Ingila ya kunna fitilun titi da shi. Abin da ya zo daga baya shi ne a ce matata ta ciyar da kanta ɗungum. Matatar Strass ta ƙasar Ostiriya ta kai ga haka a 2005, wutar da take yi ta ɗara wadda take sha. Ta birnin Oakland a Amurka ta kai a 2012, har tana sayar da ragowa. Ta Marselisborg a birnin Aarhus na Denmark, wadda take yi wa mutum kamar 200,000 aiki, a 2016 an ba da labarin wutar da take yi ta kai ɗaya da rabin wadda take bukata.

Yaya suka yi? Hanya uku ce, kuma kowane ɗan kasuwa ya san su. Ta fari, suka rage ɓarna: suka sa zugazugai masu ƙarancin ci, da ma'aunai masu faɗa wa injin ya sassauta in ruwan bai da kauri. Ta biyu, suka tsame laka mai kauri tun da wuri, suka zuba ta cikin wani babban rumbu rufaffe, ta ruɓe can, gas ya taru a sama, ya juya injin da ke ba da wuta, zafin injin kuma ya koma ya ɗumama rumbun. Ta uku, da suka ga najasar mutane kaɗai ba ta cika isa ba, sai waɗansunsu suka ƙara da abin da ya fi ta maiƙo. Mutanen Oakland motoci suke karɓa cike da ragowar abinci da kitse da dattin masana'antun abinci, masu kawowa kuma su biya kuɗin zubarwa. Watau a rage kashewa, a ƙara samu, a nemi ciniki na gefe. Wannan ai lissafin rumfa ne.

Wani zai ce, Malam, wannan duk ƙasar Turawa ce. Gaskiya ne, kuma ba na ce mu kwaikwayi injinansu ba. Mu ɗauki ƙa'idar, mu bar musu ƙarafan. Muna ma da abu biyu da suka rasa. Su sai sun kashe gas sun ɗumama rumbu ya kai digiri 35, domin ƙwayoyin ruɓa ba sa son sanyi. Mu kuwa Allah ya ɗumama mana kyauta, in ban da kwanakin hunturu da aikin yakan ɗan ja baya, shi ma in rumbun yana binne a ƙasa da sauƙi. Na biyu, muna da rana da fili. Ruwan ƙazanta in aka bi da shi ta tafkuna uku ko huɗu a jere, kowanne yana zuba wa na gaba, ya yi 'yan makonni, rana da gansakuka su ne za su yi aikin zugazugi ba tare da yunit ɗaya na wuta ba. Birnin Nairobi na Kenya da irin waɗannan tafkuna yake tace yawancin ruwansa a Dandora. Matatar da ba ta shan wuta tun farko, ai ta riga ta yi rabin tafiya.

A Afirka ma an yi na gas ɗin an gani. A Ruwanda an gina rumbunan gas a gidajen kurkuku, najasar fursunoni tana dafa musu abinci, itacen da ake saya ya ragu ƙwarai, har makarantar kimiyya ta Kigali da ta yi aikin ta sami lambar yabo a 2005. A Ashaiman ta Gana, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke da zango, an buɗe wata ma'aikata a 2017 wadda take haɗa najasar masai na jama'a da dattin kasuwa da na mahauta, ta fitar da wutar lantarki da taki. A Indiya ƙungiyar Sulabh, wadda aka kafa a 1970, ta daɗe tana gina masai na biya ka shiga, waɗansu da rumbun gas a bayansu. A nan gida kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gwada irin wannan rumbu. Saboda haka ba sai mun ƙetare teku neman mai koya mana ba.

To, mene ne ya dace da Gaya da Ajingi? A nan sai in faɗa muku gaskiya ko da za ta rage wa zancen armashi. Najasar tsohuwar salga, wadda ta shekara biyu ko uku a rami, ta riga ta ruɓe, gas ɗinta ya tafi sama tuntuni. Wanda ya ce muku zai kwashe salgogin gari ya haskaka Gaya da su, ku riƙe aljihunku. Ita wannan abin da take bukata shi ne fili a bayan gari, nesa da rijiyoyi, a yi mata gadaje na yashi da tsakuwa, a shanya ta ta bushe, ruwan da ya tsiyaye ya bi tafkuna. Gas yana cikin sabuwa ne. Ina kuwa ake samun sabuwa da yawa a wuri ɗaya kullum? Kasuwa, da tasha, da makarantar kwana, da asibiti, da mahauta. Nan ya kamata a fara.

Bari mu yi lissafi tare. Bayan gidan mutum ɗaya na yini yakan ba da gas kamar lita 30. In mutum 500 suka shiga masan kasuwa a rana, an sami lita 15,000, watau cikin ganga 75 irin mai cin lita 200. In aka ba ƙaramin janareta wannan, za a sami wuta kamar yunit 20 zuwa 25. Famfon da ke jan ruwa zuwa tanki ya yi awa biyar, yunit biyar ke nan. Ƙwan fitila 50 irin na zamani su kwana a kunne, wani biyar. Ga ragowa ta cajin waya da injin markaɗe. In kuwa girki aka zaɓa maimakon wuta, murhu guda yakan sha kamar ganga biyu a awa, watau masu tuwo shida su yi awa shida suna dahuwa ba su sayi itace ba. Ba zai haskaka gari duka ba, kada wani ya fita nan ya ce na faɗi haka. Amma ya isa ya ba masan ruwa da haske, ya biya mai shara, har a ajiye na gyara. Abin da muke nema ke nan.

Sa'an nan ga mahauta. Sarkin Fawa yana nan zaune, shi zai gyara mini in na yi kuskure: tumbin sa guda yakan ɗauki kilo 20 ko fiye na ƙazanta, kuma kowane kilo na kashin shanu yakan ba da gas fiye da na mutum ɗaya a yini. Yanzu ina take tafiya? A tara ta bayan kwata, ƙuda su yi biki, damina ta zo ta kwashe ta zuwa cikin gari. Ku tuna da karar shanu ta Wudil ran Juma'a, ku ƙiyasta abin da ake bari a ƙasa in kasuwa ta watse. Ku ƙara da ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon kankana da ruwan wankin tukwane. Wannan shi ne namu cinikin gefe, kamar na mutanen Oakland.

Abin da ya fito daga rumbun bayan kwana arba'in kuwa taki ne. Kakanninmu ba su taɓa ɗaukar juji abin banza ba. Tun kafin zuwan takin zamani jakuna suke fita daga birnin Kano da mangala cike da taki zuwa gonakin karkara, su komo da itace da hatsi, da haka aka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta gaji ba. Yanzu da buhun takin zamani ya gagari talaka, wa zai raina wannan? Sai dai akwai sharaɗi. Ƙwan macijin ciki yana da taurin rai, rumbu ba ya kashe shi duka. Lalle ne a shanya takin, a tara shi ya shekara, ko a haɗa shi da ciyawa da kara ya yi zafin da ya wuce digiri 50 har mako guda. A kai shi gonar dawa da gero da itatuwa, kada a zuba wa latas da ake ci ɗanye.

Na ga wata baba can baya tana girgiza kai, na kuwa san abin da ke ranta: wa zai ci tuwon da aka dafa da wannan? Baba, tambayarki tana kan hanya. Abin da na sani shi ne iska ce take bi ta bututu, najasa ba ta zuwa kusa da tukunya, kuma in ta kama wuta babu wari babu hayaƙi. Hukuncin tsarki kuwa ba na magatakarda ba ne, ga malamanmu nan, a kai musu su duba da idonsu su faɗa mana. Kafin su yanke, ba wanda ya ce dole a yi girki da shi. A ba janareta ya ja ruwa ya kunna fitila, babu mai ƙyamar haske.

Akwai haɗari kuma, ba zan ɓoye ba. Iskar da ke cikin rami rufaffe tana da wani sashe mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda in ya yi yawa yakan kashe hanci ya daina jinsa, sa'an nan ya kashe mutum. Sau nawa muka ji wani ya shiga rami ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, aka fito da gawa biyu? Kada kowa ya shiga rumbu ko rami sai an buɗe shi ya sha iska, da igiya a ƙugu, da mutane a sama. Kada a kai ashana kusa. Masu kwasar salga, waɗanda muke kira da dare mu ƙi gaishe su da rana, a ba su takalmin roba da safar hannu da famfon zuƙa, gama aikin da suke yi mana ya fi na masu manyan ofisoshi da yawa. Kada kuma a bar ruwan majema ko baƙin mai ko maganin feshi ya shiga rumbu, domin yakan kashe ƙwayoyin, ya kuma sa wa takin guba. Ruwan buta ya ishe shi.

Haɗari mafi girma dai shi ne sakaci. Ƙasar Sin ta gina rumbunan gas miliyoyi a ƙauyuka cikin shekarun 1970, aka yi su da gaggawa don a cika lissafin da manya suka yanka, ba a koya wa mutane gyara ba, kafin a jima da yawa sun tsage an watsar. Sai da suka koma suka horar da magina da masu kula, sa'an nan abin ya zauna. Rumbu kamar jaki ne: a ba shi abinci kullum, a duba lafiyarsa, ya yi maka shekara ashirin. A bar shi ba mai shi, ya mutu a wata uku.

Saura tambaya ɗaya: aikin wane ne? Ba sai mun yi gardama ba, a rubuce yake. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da mahauta da tashoshin mota da masai na jama'a da zubar da najasa da shara. A watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a 2018, ta sa wa'adin 2025 na daina bayan gida a fili, daga baya ta ɗaga shi zuwa 2030. Maƙwabtanmu na Jigawa, waɗanda daga nan zuwa Dutse ba wata tafiya ba ce, a watan Oktoba 2022 aka shaida su ne jiha ta farko da ta kai ga wannan. Da kai biyu aka haife su? Ku kuma kowace ranar kasuwa ana yanka muku tikiti kuna biya. Ba roƙo muke yi ba, haƙƙinmu muke tambaya.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara wannan taro ya amince da shi, mu rubuta, mu sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala, mu kai wa kansilolinmu na Gaya da na Ajingi.

Na ɗaya, a gina masai na jama'a mai ɓangaren maza da na mata a babbar kasuwar kowace ƙaramar hukuma, da rumbun gas a bayansa, a haɗa shi da ƙazantar mahauta. Guda ɗaya tak a fara da shi, mu gani da idonmu, gama gani ya kori ji.

Na biyu, a keɓe fili a bayan gari don gadajen shanya da tafkuna, a hana zubar da kayan salga a kududdufi, dubagari kuma ya koma aikinsa na auna tsakanin rijiya da salga.

Na uku, duk ɗan kwangilar da ya zo da zanen matata, ya rubuta a takarda yunit nawa na wuta za ta sha a wata, lita nawa na mai, nawa kuma za ta samar da kanta. In na farko ya fi na biyu, ya faɗi wanda zai cika, da sunan asusun da za a ciro kuɗin. Inda gas bai isa ba a cika da farantan hasken rana, kada a cika da alkawari.

Na huɗu, maginanmu na gida ne za a koya wa ginin, samarinmu ne za a koya wa gyaran, don kada bututu ya toshe mu zauna jiran wani daga Legas.

Na biyar, kuɗin shiga da na taki da na caji su shiga hannun kwamiti na 'yan kasuwa da mahauta da mata masu abinci, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a allo a ƙofar masan, kowane wata, kowa ya karanta.

Mu ma akwai namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an gina, mu shiga mu biya ɗan abin da aka yanka, mu hana yaranmu tsugunawa a bayan rumfa, mu daina jefa leda da tsumma a rami. Wanda rijiyarsa take kusa da salga, tun yau ya riƙa tafasa ruwan sha kafin Allah ya hore masa sake wuri. Damina ba ta jiran kansila.

Jama'a, na daɗe ina magana, rana ta yi. Wanda yake da tambaya ko gyara ya miƙe ya faɗa, ga takarda ga alƙalami, zan rubuta. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a kasuwa.